Ƙarfe huɗu na mata, ƙarfe goma na maza

Yau da laifin kaina zan fara, don kada wani ya ce na taka nawa tudun ina hangen na mutane.

A babban hutun ƴan lakkwal da ya wuce, fadarmu da wasu fadodi biyu na unguwa muka haɗa kuɗi muka shirya bikin kiɗa na kwana biyu a wani fili nan Maraɗi. Abin ba wani babba ba ne: rumfa uku, kujerun haya, sono, da injin wuta saboda mun san halin kuran ɗinmu. Ni aka ba aikin rubuta tsarin wasa da takardar talla, don ni ke da kwamfuta. Na zauna na jera abina ba tare da kowa ya ce mini ga yadda zan yi ba. Ƙarfe huɗu, bayan la'asar, matan ƙwarya. Huɗu da rabi, wata yarinya mai gitar da ƙawayenta biyu. Biyar, yara masu rawa. Sai a tashi don magariba da isha'i. Daga takwas samarin rap su shiga ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe goma kuma orkes ɗin da muka ɗauko, wanda shi ne kan gaba. A takardar talla na sa sunan kowane namiji da hotonsa, har da wanda waƙarsa ɗaya tak a duniya. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, na rubuta: tare da matan unguwa.

Kun san ƙarfe huɗu a Maraɗi cikin damina, ranar da ba a yi ruwa ba. Zufa, kujeru babu kowa, sai yara da ƴan tallar gyaɗa, mai sono yana ta ƙwanƙwasa mikro yana ƙirga ɗaya biyu. A haka mata shida suka shimfiɗa tabarma, suka kife ƙorensu, ɗaya a cikin kwanon ruwa, suka fara. Mikro ɗaya aka ba su, sauran an ce ana ajiye wa orkes. Shugabarsu, ƙawar mahaifiyata ce, Inna nake ce mata, ta yi wata waƙa da ban taɓa ji ba, ta kanta, a kan ƴaƴan da suka tafi haƙar zinariya Arewa suka bar iyaye da tiyar hatsi mai tashi kullum. Ni da nake ta kai da kawo da wayar wuta a hannu sai da na tsaya. Mutanen da suka ji waƙar nan, in an cire yara, ba mu kai ashirin ba.

Ƙarfe goma fili ya cika har kan katanga. Manyan baƙi sun iso, ana ta liƙi. Orkes ya yi waƙoƙin wasu, irin waɗanda kowa ke da su a waya, kuma ya yi su da kyau, ban hana masa ba.

Washegari aka raba ambulan. Orkes jika ɗari da hamsin, an yi ciniki da su tun wata guda kafin ranar. Samarin rap jika ashirin ashirin. Mata shida jika goma, a dunƙule, ma'ajinmu ya rubuta a littafi: kuɗin sabulu. Yarinyar gitar jika biyar, na kabu-kabu. Ni na kai wa Inna nasu har gida. Ta ƙirga, ta ninke, ta ƙulle a bakin zane, ta ce: "Ɗana, a gidan suna guda muna samun abin da ya fi wanga. Mun zo ne don an ce na unguwa ne." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce: "Amma mi ya sa kunka sa mu lokacin da ba kowa?" Na buɗe baki in ce haka aka saba, sai na ji kunyar faɗin ta.

Tun ranar nake juya tambayar. Ga inda na tsaya, wanda bai yarda ba ya faɗi nasa: a ƙasar nan ba mu da matsala da mace mai waƙa. Matsalarmu da mace mai waƙa ana biyanta a bainar jama'a ce. Kunyar da muke ta ambato tana farawa ne daidai inda kuɗi da suna suka fara.

Ku duba gidajenku. Waƙar farko da kowannenmu ya ji, a bayan mace ya ji ta. Waƙar daka, inda taɓarya uku ke faɗawa turmi ɗaya kowace da lokacinta, a cilla a tafa a cafe, wa ya ƙago ta? Waƙar niƙa, wadda amarya ke saka kukanta da habaicin kishiya a ciki don ba ta da wani wurin faɗa? Gaɗar ƴan mata a dandali da farin wata, shantun da ake bugawa a cinya a ɗakin amarya, kiɗan ƙwarya, guɗar da in babu ita biki bai zama biki ba. Zabiya sana'a ce mai suna tun kaka da kakanni, ta san zuri'ar gari gida gida fiye da mai rajistar haihuwa. Wajen ƴan uwanmu Buzaye, tende turmi ne aka rufe bakinsa da fatar akuya, ana yayyafa masa ruwa, mata ke buga shi suna waƙa, maza kuwa su kewaye da raƙuma. A Ingal lokacin bikin gishiri ko a Iferwan lokacin bikin Ayar, ba wanda zai ce maka tende abin kunya ne. Duka wannan kiɗa ne, duka na mata ne, kuma ba mai ɗaga murya a kai matuƙar a cikin gida aka yi shi ko kyauta aka yi shi.

Ranar da aka kafa dandamali, aka kunna fitila, aka kawo mikro da ambulan, sai maganar ta sauya. Namijin da ya hau ya zama "artis". Macen da ta hau kuma a fara tambayar ɗiyar wane ce, tana da aure, mijinta ya sani? Waƙar ɗaya ce da wadda ta yi jiya a gidan buki aka liƙa mata dala ashirin ashirin ana shi mata albarka.

Masu cewa hawan mace dandamali baƙon abu ne da turawa da ƙungiyoyin waje suka kawo, ku tambayi iyayenku zamanin samariya. A mulkin Seyni Kountché, shekarun 1970 da 1980, kowace jiha tana kai tawagarta bikin matasa na ƙasa, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, kuma ƴan mata ne gaba gaba a waƙa. Ban ce zamanin nan aljanna ba ne. Gwamnatin soja ce ke tara matasa don amfanin kanta, kuma ba kowace yarinya ta shiga da son ranta ba. Amma uwayen da yawanmu sun tsaya gaban dubban mutane sun rera waƙa, Muryar Sahel ta watsa, suka dawo gida suka yi aure suka haife mu. Wasu a cikinsu yau su ne hajiyoyin da ake gaishewa a durƙushe.

Abin da ya shiga tsakani mun san shi. Gari ya sauya, wa'azi ya sauya, kuma an tsorata mata da gangan. A watan Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe a Yamai da Maraɗi, kuma a nan garin fushin ya sauka a kan mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, waɗanda ko hanyar wurin bikin ba su sani ba. Yawancin masu karanta wannan ba a haife su ba ko suna goye. Amma uwayen da suka ga abin ba su manta ba, kuma darasin da suka ɗauka shi ne macen da ake gani a fili ita ake fara jifa in gari ya hargitse.

Duk da haka akwai waɗanda suka ƙi sauka. Hamsou Garba ƴar Maraɗi ce, an haife ta a 1958, ta yi karatu a Damagaram, ta kafa ƙungiyar Annashuwa, ta yi waƙa a kan lafiya da tarbiyya da zaman ƙasa shekara da shekaru, har ta kai ga samun gidan rediyo nata, Touraki. A watan Fabrairun 2016, ana tsakiyar zaɓe, aka kai ta gidan kaso na ƴan kwanaki saboda goyon bayan da take yi wa Hama Amadou a fili. Ko kana son siyasarta ko ba ka so, ka lura da abu guda: ba a rufe mutum saboda muryar da ba ta da nauyi. Ousseina Alidou, malamar jami'a ƴar ƙasar nan, ta ware mata babi guda a littafinta na 2005 a kan matan Nijar. Ta rasu a watan Disamban 2022. Da a ce tana da shekara goma sha takwas ta zo bikinmu, da hannuna zan rubuta ta ƙarfe huɗu da rabi, in ba ta na kabu-kabu.

Haka Fati Mariko da ƙungiyar Marhaba. Haka matan Sogha, da suka fito lokacin wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci da aka yi a Yamai a 2005. Haka ZM da ta shiga rap tun farkon shekarun 2000 lokacin da fagen na samari ne zalla, da Safiath a cikin Kaidan Gaskiya. Daga ƙetaren iyaka, kaset ɗin Barmani Coge ta Funtuwa, da ƙwarya kawai, ya shiga ɗakunan uwayenmu ba tare da wani ya yi masa talla ba.

Wadda labarinta ya fi tsaya mini ita ce Fatou Seidi Ghali. Ƙauyensu Illighadad, a yankin Abalak cikin jihar Tawa. Gitar ɗin yayanta ta riƙa ɗauka tana koya wa kanta, a wurin da gitar kayan maza ne, tende na mata. Ita da ƴar uwarta Alamnou Akrouni suka zama Les Filles de Illighadad. Faifansu na farko ya fito a 2016 a kamfanin Sahel Sounds na Amurka, gefe ɗaya gitar, gefe ɗaya tende. Na biyu, Eghass Malan, a 2017. Sun zaga Turai da Amurka, an ɗauki wasansu a New York an fitar da shi faifai a 2021. To ku tambayi kanku tsakani da Allah, a fadarku mutum nawa suka san sunanta, kuma nawa suka san Bombino da Mdou Moctar? Sai da wani ya taso daga wata nahiya da na'urar ɗaukar murya sannan duniya ta ji ta. Ba na zargin bawan Allahn da ya zo, aikinsa ya yi. Abin da ke damuna shi ne irin takardar da na rubuta ita ce ke sa mu zama na ƙarshen ji.

Kuma ku lura da abin da ya bambanta ta: ta riƙe kayan kiɗan da hannunta. A yawancin orkes ɗinmu mace murya ce kawai ko ƴar amshi ko mai rawa. Gitar, piyano, ganguna, sono, situdiyo, lambar wayar da ake kira a yi ciniki, duka hannun maza. Wanda ke da kaya shi ke karɓar ambulan, shi ke rabawa. Mawaƙiyar da ta yi faɗa da mai piyano ta rasa aiki, mai piyano kuwa gobe ya samo wata. Akwai cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya a Yamai, akwai gasar Ɗan Gurmu da ake yi a Tawa, amma yarinyar Tasawa ko Madawa ko Mirya da ke son koyon gitar, ina za ta zauna awa biyu a rana ba a ce ta lalace ba? Gidan matasa na garinsu, in ma akwai kayan, ku leƙa da yamma ku ga su wa ke zaune a kai.

Na kai maganar nan fada, an yi mini ca. Bari in kawo abin da aka ce, don wasu maganganun suna da ƙarfi.

Ma'ajinmu ya ce mata ba su jan jama'a, kuma biki da kuɗin shiga yake rayuwa. Na ce da mi ka auna? Ka sa mutum ƙarfe huɗu, ka ɓoye sunansa, ka ba shi mikro ɗaya, sannan ka nuna kujerun da ba kowa ka ce ga shaida. Ko orkes ɗin nan aka yi wa haka, yara da ƴan tallar gyaɗa zai tarar. In kana son sanin ko mata na tara mutane, je gidan bukin da aka kira zabiya mai suna ka nemi wurin ajiye ƙafa. Matan nan da ke cika gidan buki suna liƙi su ne ba mu taɓa lissafawa a cikin masu kallo ba, don mun shirya bikin a kan lokacin samari.

Wani abokinmu mai riƙo da addini ya ce shi a wurinsa kiɗan gaba ɗaya bai halatta ba, na mace da na namiji. Wannan ina girmama shi, don bai zo bikin ba, bai ba da ko dala ba, kuma maganarsa ɗaya ce ga kowa. Ni ba malami ba ne, na san dai malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun da daɗewa, kuma hadisin ƴan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi yana cikin Buhari da Muslim. Wannan fage na masu ilimi ne, na bar musu. Rigimata da wanda ya kwana yana rawa gaban orkes, ya liƙa jika biyar a goshin mai gitar, da safe kuma ya ga hoton yarinya da gitar a WhatsApp ya rubuta a ƙasa "Allah ya shirya". Malam, wanne daga ciki?

Magana ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba a fada na ji ta ba. Da na fara tunanin gyara, na je wurin mahaifin yarinyar gitar in roƙi a bar ta ta yi wasa da dare in an sake shirya wani. Dattijo ne mai sayar da kayan gini, ba mai tsanani ba, shi ya saya mata gitar ɗin ma. Ya saurare ni har na gama, ya ce: "Yaro, ƙarfe nawa kunka tashi waccan rana?" Na ce ɗaya saura, Baba. Ya ce: "Wa zai maido min ita? Kai? A bayan mashin ɗinka, ƙarfe ɗaya na dare, unguwa na kallo?" Na yi shiru. Ya ce: "Bayan rumfar taku akwai fitila? Ina za ta sauya tufa? Wa ke ba da kuɗin, a ina yake ba da su, gaban wa?" Sannan ya faɗi wadda ta ƙare ni: "Kuma in wani ya ɗauke ta a waya ya yanka ya haɗa da maganar banza ya watsa, ku za ku aure ta?"

Ba jahilci ya yi magana da shi ba. Kowace tambaya tasa tana da wani labari a bayanta, kuma mu da ke cikin harkar mun san su. Mun san mai shirya wasan da ke cewa yarinya ta zo ta karɓi kuɗinta da kanta, da dare, ita kaɗai. Mun san mai situdiyon da ke cewa ba sai ta biya ba. Mun san abin da ake faɗa wa mawaƙiya daga cikin taro wanda ba a faɗa wa namiji. Muna jin waɗannan mu yi dariya mu zuba shayi. Iyaye kuwa suna jin su su rufe ƙofa. Sai mu dawo Facebook mu rubuta cewa al'ada ce ta danne mata, alhali rabin abin da muke kira al'adar nan halinmu ne mu samari, da ragwancin kwamitin da ya iya hayar sono amma bai iya sayen ƙwan fitila biyu na bayan rumfa ba.

A nan ne na gane ko gyaran da na zo da shi gurgu ne. Ni na ɗauka adalci shi ne in ɗauke mata daga huɗu in kai su goma. Da na koma wurin Inna da wannan albishir, dariya ta yi. Ta ce ƙarfe goma ita ta yi barci, kuma ba matar auren da za ta fito kallo a lokacin. Ta ce a ba su bayan isha'i kai tsaye, an ci tuwo, an kwantar da yara, gari ya yi sanyi, mata za su fito da ƙawayensu su koma kafin sha ɗaya. Wato lokacin da ya fi kowane kyau, wanda muka ba samarin rap ba tare da tunani ba. Shekara nawa tana wannan sana'a, ta san masu kallonta fiye da mu duka, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta. A kwamitinmu na mutum goma sha ɗaya mace ɗaya ce, ita ma abinci aka ba ta.

Wannan lissafin ya tuna mini da 13 ga Mayun 1991, ranar da matan Yamai suka yi tattaki zuwa ofishin firaminista saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Daga nan ranar matan Nijar ta samo asali. A 2000 aka yi dokar kaso, a 2019 aka ɗaga ta zuwa kashi 25 cikin ɗari a muƙaman zaɓe da kashi 30 a na naɗi. Mu da ke zagin ƴan siyasa kullum a kan rashin cika wannan doka, kwamitin bikin unguwarmu bai kai ko kashi goma ba.

Tun da na ambaci 13 ga Mayu, bari in ɗan ratse. Ranar nan da ta 8 ga Maris sun zama wani irin ƙarfe huɗu na shekara. A ɗinka atamfa iri ɗaya, a kira mawaƙa mata su yi waƙar wayar da kai a kan abin da mai ba da kuɗi ya zaɓa, a ɗauki hoto, a watse. Sauran kwanakin shekara dandamali ya koma hannun masu shi. Ban ce a daina ba, mata da yawa a nan suke samun ɗan abin da suke samu. Amma mawaƙiyar da ba a kiranta sai don ta yi waƙar auren wuri ko ta rigakafi, an mayar da ita allon sanarwa. Tana da waƙar soyayya, tana da ta ba'a, tana da ta zinariya da tsadar hatsi irin ta Inna, wadda ba wata ƙungiya da ta yi odarta.

Kuma ko wannan ƙofar tana ƙara ƙunci. Tun 2023 kuɗin masu tallafi na waje ya ja baya, jam'iyyun da ke ɗaukar mawaƙa lokacin kamfe babu su yanzu. Abin da ya rage wa mai waƙa shi ne gidan buki da irin namu ƙananan bukukuwan, na fada, na unguwa, na ƙaramar hukuma, waɗanda ake yi da kuɗin aljihunmu. Ba wani bature a nan da za mu ce shi ya tsara, ba minista. Wanda ke rubuta takardar ɗan fadarku ne, wataƙila kai ne mai karanta wannan.

Abin da na kai wa kwamitinmu ba shi da tsada. A rubuta sunan kowace mai wasa a takardar talla kamar yadda take so a kira ta, da girman baƙaƙe ɗaya da na maza, hoto kuma sai in ta yarda. A yi ciniki da mata kafin ranar kamar yadda ake yi da orkes, a daina kuɗin sabulu, a biya da rana gaban shaidu ko a tura ta Nita ko Amana, don kada wani ya samu dalilin cewa a zo a same shi. Mai sono ya zo da wuri ya gwada ƙwarya kamar yadda yake gwada gitar, don ƙwarya in ba a sa mata mikro kusa ba, daga layi na biyar hannuwa kawai ake gani suna motsi. Fitila a bayan rumfa, ɗaki mai ƙofa, manyan mata biyu na unguwa a wurin, da adaidaita da aka biya tun farko mai maida kowa ƙofar gidansu. A tashi sha ɗaya. Samarin rap sun yi ƙorafi a kan wannan, na ce su ma su ɗanɗana ƙarfe biyar sau ɗaya su gaya mana yadda take.

Maganar kayan kiɗa kuwa, mace ɗayan nan ta kwamiti ce ta kawo shawarar da ba ta zo wa kowannenmu ba. Ta ce asusun Mata Masu Dubara a jihar nan aka fara shi a 1991, mata na zuba ɗan abin da suke da shi kowane mako a akwati suna ba juna bashi, an sayi awaki da injin markaɗe da shi, mi zai hana a sayi gitar da ƙaramin sono da ƴan mata za su riƙa haya, ana koyo a cikin gidan wata babba inda iyaye za su yarda? Ta kuma ce a raka Inna ta yi rajistar waƙoƙinta a hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, tun kafin wani yaro ya ɗauki ta zinariyar nan ya sa mata kiɗan kwamfuta ya ce tasa ce. Yanzu ita ce mataimakiyar ma'aji, abincin kuma an ba wani namiji, har yau yana fushi.

Ba duka aka amince ba. Ma'aji ya ce in aka biya mata shida yadda ya kamata sai an rage na orkes, orkes kuma ba zai zo ba. Na ce to kada ya zo. An yi ta musu har shayi na uku ya huce, aka ɗage zuwa wani zaman.

Na koma wurin baban yarinyar da amsar tambayoyinsa a rubuce, ɗaya bayan ɗaya, har da sunan hajiyoyi biyun da za su zauna bayan rumfa. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Ita tana daga cikin zaure, ina jin tana ɗaure wayar gitar tana kwancewa, ba ta ce komai ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce ta waya fa, wadda za a ɗauka a watsa, ba ku ba ni amsarta ba. Na ce Baba, wannan ba ni da ita. Ya ce in dawo bayan sallar Juma'a, in zo da ma'ajin namu, yana son ya ga fuskarsa.